Dabinon Kellu Biyar

Sadakin Kellu dashen dabino biyar ne. A gaban liman da shaidu Kiyari ya ba ta su, a gefen lambunsa da ke Fachi. Ta yi murna har da hawaye, don macen da ke da dabinonta ita ke yin ciniki da ayari da bakinta, ta karɓi geronta, ba ta jiran miji ya auna mata.

Shekara shida tana jan guga tana ba su ruwa, har tafin hannunta ya yi kanta. A ta bakwai suka yi fure. Ta tsaya tana kallo. Maza ne, duka biyar, ba wanda zai taɓa ba ta ƙwaya ɗaya.

Ta iske Kiyari yana shan shayi.

"Malam, ka san maza ne?"

"Ni fa na cire su daga gindin namiji da hannuna," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Uwata dabinonta ne ya ba ta ƙafar barin ubana. Ke kuma in ba ki masu haihuwa? Ai kin yi ƙoƙari. Namijin dabinona ya tsufa, matan dabinona arba'in suna jiran furen namiji kafin su yi 'ya'ya. Gobe zan yanki naki in ɗaura musu."

Mugun mutum, yana faɗa yana ƙara sukari. Ashe duk shekarun nan amfaninsa take yi wa ban-ruwa.

Kellu ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan. Da la'asar ta ɗauki lauje. Itatuwan ba su fi tsawonta ba, a tsaye ta girbe furen kaf, ta zuba wa awakinta.

Ya kai ta gaban liman yana kumfar baki. Liman ya ce sadaki na mace ne, in ta ga dama ta ƙone shi. Nan take Kiyari ya sake ta, ya riƙe 'yarsu Yagana. Ya bi maƙwabta roƙon fure, kowa ya riga ya ɗaure nasa.

Da kaka lambun Kiyari ya zubar da 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, ayari ya wuce ƙofarsa bai tsaya ba, gero bai shiga gidan ba. Kellu ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ba ta daina ba sai ranar da ta ga Yagana a bakin rijiya, wuya kamar zare, tana tsintar abin da awaki suka rage.