Ampili a Cikin Rumbun Yari

Ampilin Mas'udu, na'urar ƙara sautin gita, bai fi kwalin sukari biyu ba. A kasuwar Ƙonni ya saye shi, da batir yake aiki, kuma bai taɓa fita da shi daga ɗakinsa na Malbaza ba sai ranar sunan ɗan yayarsa Karima, a wani ƙauye bayan Dogarawa. Ita ta cika dangin mijinta da labarin ƙanenta makaɗin gita.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gida. Ya ajiye ampilin bisa yashi, ya murɗa shi har ƙarshe, ya kaɗa. A ɗaki abin nan har kwanon rufi yake girgizawa. Nan kuwa fili ya shanye sautin tas.

"Wanga kiɗi na, ko sabro?" in ji wani daga baya.

Aka yi dariya. Mutane suka fara karkaɗe tabarmi. Mas'udu ya hango Karima a bakin zaure, kanta a sunkuye. A gidan nan za ta zauna da wannan kunya bayan shi ya hau mota.

Tsoho Yari, surukinta, ya taɓa kafaɗarsa. "Ɗauko abinka, ɗana."

Gaban rumbunsa na laka ya kai shi. Tsakiyar damina ce, lokacin da ba a ƙwanƙwasa rumbun wani ko da wasa. Cikakke ba ya amsawa. Wanda ya amsa ya tona asirin mai gida.

"Baba, za a ji hwa."

"To, ba don a ji anka kira ka ba?"

Aka ɗage murfin ciyawa, aka zura ampilin ciki da igiyar guga. Mas'udu ya zauna can saman tsani, wayar da ƙyar ta kai. Ya taɓa tsirkiya ɗaya.

Sautin ya zagaya cikin laka, ya kumbura, ya fito ta baki da wata murya mai kauri, kamar ƙasa ce ta buɗe ƙirjinta. Ya ji shi a tsanin, ya ji shi a haƙoransa. Tattabaru suka tashi. Ya sake kaɗawa a hankali, rumbun ya riƙe kowane amo ya tsawaita shi har gefen gonaki. Hannunsa ne, ya sani, amma bai gane kiɗin ba.

Masu tafiya suka juyo da tabarmi a hamata. Ba wanda ya yi rawa tukuna. Tsaye kawai suke, an ɗaga kai.

Wata tsohuwa ta matso kusa da Yari, wanda ya jingina bayansa da rumbun, ido a rufe.

"Yari, ashe ba komi ciki."

"Yi kurum, Mairo. Ina saurare."

Daga bakin zaure Karima ta rangaɗa guɗa.