Tsokar Hannun Inusa

Ina jin tsoron ce wa babba a'a, kuma wannan tsoro ya kusa jawo wa mutum asarar hannunsa na dama.

A shekarar farin 1984 ina sabon anfirme, wato ma'aikacin jinya, a asibitin Damagaram, ko wata shida ban yi da karɓar difloma ba, aka kawo Inusa, mai haƙar rijiya daga wajen Takieta. Wani ƙari ne kamar ƙwan zabo ya fito masa a damtse, ba ciwo, ba ruwa. Lokotoro, likitan da nake aiki ƙarƙashinsa, ya yanke ƙarin, ya miƙo mini tsokar, ya ce in sa ta a kwalbar magani domin a aika Dakar a duba.

A bakin ƙofa mahaifiyarsa, Kaltuma, ta tare ni. Ta ce abin da aka cire daga jikin Musulmi ƙasa ake ba wa, ba a yawo da shi gari gari kamar kilishi. Na yi ƙoƙarin bayani, ta tambaye ni ko haka zan yi da naman uwata. Na ba ta. Ta naɗe a farin ƙyalle ta binne a gefen maƙabarta, ni kuwa na ce wa lokotoro kwalbar ta fashe.

Bayan wata bakwai suka dawo. Shanunsu sun mutu, rijiyoyin da Inusa ke ƙara wa zurfi su ne abincin gidan. Ƙarin ya sake fitowa a kan tabon, ya kai girman lemo.

Lokotoro ya ce yana zaton wani irin ƙari ne mai manyan ƙwayoyi, wanda bai taɓa gani ba sai a littafi. Idan shi ne, a yanke shi tare da naman da ke kewaye ya wadatar. Idan kuwa mugun ne, sai hannu ya tafi daga kafaɗa. Ido ba ya bambance su. In ba a duba tsokar ba, ya ce, zai cire hannun, domin ya fi son mai hannu ɗaya a kan gawa.

Ranar Talata aka sake aikin. Na fito da kwalbar, na tarar da Kaltuma a wurin da ta tsaya wancan karon, farin ƙyalle a hannunta. Ta rame har awarwaronta yana zamewa.

"Ɗan nan, miƙo mini abin ɗana."

Na gaya mata abin da lokotoro ya faɗa. Ta ce hannu da rai duka na Allah ne, Dakar ba ta da ko ɗaya. Mutanen da ke jiran awo suka juyo suna kallonmu. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa uwa, amma ban saki kwalbar ba.

"Inna, ki yafe mini, ko kada ki yafe. Wannan ba za a binne ta ba. Gobe da safe ni da kaina zan sa ta a motar Yamai, daga can a wuce da ita Dakar."