Ɗago Kai, Zahra'u

Bayan soja sun koma bariki, Turawa suka fara dawowa Kano da shirye-shiryensu. Wata ƙungiya ta ce za ta kai 'yan sakandare Amurka su yi karatun shekara guda, amma sai yaro ya zauna gaban Bature ya amsa tambayoyi. Ni ce malamar Turanci a makarantarmu ta Tarauni, sai aikin ya faɗo kaina. Ni kuwa, Talatu 'yar Zonkwa, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Duk Amurkar da na sani tana cikin kaset ɗin bidiyon da yayana Habila ya aiko daga can.

Ranar Asabar nakan tara yaran a barandata a Gyadi-Gyadi. Na nuna musu cewa a can malami ke zama a ajinsa, ɗalibai su yi ta yawo suna binsa, kowa da akwatinsa na ƙarfe a jikin bango, kuma ba bulala. Nura, sarkin surutun ajin, ya riƙe baki ya ce, "Malama, ba bulala? To da me suke gane karatu?"

Damuwata ɗaya ce, Zahra'u. Turancinta ya fi na kowa, amma ba ta duban babba a ido. Habila kuma ya gargaɗe ni cewa a wurin mutanen can, wanda ya sunkuyar da kai wani abu yake ɓoyewa. Na lallashe ta, na yi faɗa, har alli na jefa mata. A banza. Yarinyar ta fi sanin silifas ɗina da fuskata, ga ranar ganawa tana ta matsowa.

Babanta, Malam Inuwa, direban hayis ne a Darmanawa, shi ke zuwa ɗaukarta. 'Yar farinsa ce, don haka kunya ba ta barinsa ya kama sunanta. Daga ƙofa yake tsayawa ya ce, "Malama, yarinyar nan ta gama?"

Asabar ta ƙarshe haushi ya ci ni, na tare shi. "Malam Inuwa, ka yi tarbiyya, Allah ya saka. Amma tarbiyyar nan ce za ta kayar da ita gaban Bature."

Na yi masa bayani. Ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. Can sai ya tuɓe takalmi, ya shigo ya zauna a kujerata.

"To, yau ni ne Baturen," in ji shi. "Gud monin!"

Yara suka kwashe da dariya, Nura har da faɗowa daga benci. Zahra'u ta zo ta durƙusa, ta amsa wa siminti gaisuwar da Turanci mai kyau. Ya yi mata tambaya ta biyu, ta sake amsa wa siminti.

Malam Inuwa ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Sannan a hankali ya ce, "Zahra'u. Ɗago kai ki dube ni."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, mamaki ne ma ya ɗago mata kai. Suka dubi juna, ni kuwa wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Shi ya fara kau da ido. Ya miƙe yana lalubar takalmi, har ya sa na Nura.

"Malama, ki ba ta makinta," ya ce. "Ni dai na faɗi."

Ranar ganawa Zahra'u ta fito tana murmushi, na ruga na tare ta. "Kin dube shi?"

"Malama, wanda ya dubi Baba, Bature ai wasa ne."

Da sunanta ya fito cikin waɗanda aka zaɓa, Malam Inuwa ya zo har gida da kankana a hannu. Ya tsaya daga ƙofa kamar kullum, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Malama," ya ce, "an ce yarinyar nan ta ci."