Kan da Ake Auna Sauran

Auta ta ɗora alama a bakin tsagar, ta ja layi zuwa ƙasanta, kwamfuta ta ba da lamba. Shekararta shida tana wannan aiki a sashen hoton ƙwaƙwalwa na asibiti, tana auna zurfin tsagogin da ke tsakanin ninke-ninken ƙwaƙwalwa. Ta mai lafiya tsagoginta matsattsu ne masu zurfi. In ciwon mantuwa ya soma cinta, sai su buɗe baki, zurfin ya ragu.

Hotunan ba sa zuwa da suna, lamba kawai, don kada mai awo ya san kan wa ke gabansa. Amma tana buɗe lamba saba'in da huɗu ta ga wata 'yar loɓawa a ƙashin kai, sama da kunnen hagu. Ta san wannan loɓawar. Tana aji uku katako ya faɗo wa Baba daidai nan a shagonsa na kafinta, kuma ta sha taɓa wurin da yatsanta.

Ita da kanta ta kawo shi shekara uku da suka wuce, lokacin da ake neman tsofaffi masu lafiya waɗanda za a riƙa kwatanta hotunan marasa lafiya da nasu. Duk shekara ake sake ɗaukar hoton kawunansu. Tun ranar unguwa ba ta huta ba. Ko aron guduma ka zo yi, sai ka ji labarin cewa da kan Baba ake auna kawunan jama'a.

Ta auna. Ta goge, ta sake. Sau uku lambar tana dawowa yadda take, ta gaza ta wancan karon da milimita biyu. Sai ta tuna makullin shago da aka tsinta cikin firji, da ranar da ya wuce ƙofar gida bai tsaya ba. A lokacin duk ta ce gajiya ce.

Ta kama alamar ta ja ta ƙasa kaɗan. Lambar ta gyaru tsaf, Baba ya koma cikin masu lafiya. Ba wanda zai taɓa sani. Haka kuma ba wanda zai kira shi a duba shi. Ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta mayar da alamar inda take.

Likita ya leƙo ta bayanta. "Wannan ai ya fita daga jerin masu lafiya. A mayar da shi ɗaya ɓangaren, a sanar da iyalinsa."

"Iyalinsa sun ji, Likita."

Ya dube ta, ya dubi hoton. Sannan ya ce, "Tashi ki je gida. Ki kawo mini shi ranar Litinin."

Da la'asar ta tarar da Baba a shago, fensir a kunne, yana jan tef a kan wani katako. Wuri ɗaya ya sha zane har ya yi baƙi.

"A'a, 'yar boko, yau da wuri? Ko kawunan sun ƙare?"

"Akwai saura, Baba."

"Kaina fa? Har yanzu da shi ake auna na sauran?"

Ta dubi fuskarsa. Tausayinsa ya kama ta. "Da shi ake aunawa."

Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa kansa da fensir. "Ai na faɗa musu. Riƙe mini nan."

Ta riƙe bakin tef ɗin kamar yadda take yi tana yarinya. Ya duba, ya sake zana wurin da ya riga ya zana. Sannan ya ɗago ya gan ta, fuskarsa ta washe.

"A'a, 'yar boko, yau da wuri?"