Babin da Marubucin Ya Manta

Ni na ba Kawu Lauwali littafin, kuma ba don Allah na ba shi ba. Gara in faɗi gaskiya tun daga farko.

Ina da shagon kwamfuta a Tambuwal. Ina buga wa mutane takardu, in cike wa ɗalibai fom, jefi-jefi kuma in gina wa wata makaranta ɗan shafin intanet. Kawu yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Fakku ta ƙasar Kebbe. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, ga karatun zaure da ya sha tun yana saurayi. Da ya yi ritaya sai aka ba shi sakataren ƙungiyar manoman garinsu.

Ranar da ya zo mini, shagon a cike yake, janareto na ta tari, ni kuma raina a wuya. Muka gaisa, ya gyara zama ya ce, "Mutawakkil, so nika yi ka koya man yadda aka gina shafi ga intanet."

Ashe a taron ƙungiya ne wani ya kawo maganar cewa manoman wasu garuruwa suna da shafi, masu saye daga nesa suna ganin abin da suke nomawa. Aka yi ta muhawarar wa za a nemo. Kawu ya miƙe a gaban mutum fiye da hamsin ya ce ba sai an nemo kowa ba, kafin taron kaka shi da hannunsa zai yi. To, Kawu ba ya magana biyu. A Fakku in gardama ta yi tsami, tambayar da ake yi ita ce me Malam Lauwali ya ce. Ba shi da mota, ba shi da gidan bene, maganarsa ce dukiyarsa.

Na dube shi, mutumin da sai 'yarsa Hamdiya ta sa masa lamba a waya. Dariya ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye. Na miƙa hannu kan kanta na sauko da wani littafin Turanci mai kauri kamar bulo. A bangonsa an rubuta cewa na masu farawa ne, ba sai ka san komai ba.

Na ce, "Ku karance wanga, Kawu. Komi na ciki."

Da hannu biyu ya karɓa, har da sa mini albarka. Ni kuwa na ce a raina na rabu da ƙaya, mako biyu ya ishe shi ya gaji.

Wata uku ban ji ɗuriyarsa ba, sai dai Inna ta tare ni wata rana ta ce wane irin karatu na ɗora wa yayanta, an ce kullum da hantsi yana gindin bishiyar bedi da ƙamus, ko gona sai ya ga dama. Na ce ta bar shi, yana rage zaman banza ne.

Saura kwana goma sha biyu taron kaka ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar shagona, da littafin a hammata da wasu littattafan rubutu guda uku. Fuskarsa sai annuri take.

Ya ce, "Na sauke."

"Kun sauke mi, Kawu?"

"Littafin mana. Daga bango har bango."

Ya buɗe mini littattafan rubutun. Kawu ya ɗauki littafin nan kamar yadda ya saba ɗaukar littattafan ilimi a zaure. Ya kwafe duk misalan da ke ciki da hannu, kowace alama a muhallinta, da rubutunsa mai kyau na tsofaffin malamai. Ya sa Hamdiya ta riƙe asalin tana karantawa shi yana bin kwafinsa da yatsa, har sau biyu, don kada harafi ɗaya ya kuɓuce. Babi huɗu na farko kuwa haddace su ya yi, ya fara karanto mini da ka har sai da na ce ya isa. A littafi na uku ya tsara shafin ƙungiyar da kansa, ga suna, ga gero da dawa da wake, ga lambar wayar shugaba.

Ya ce, "To ga shi na gama. Ina aka zuba shi?"

Na zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya kama maus ya ɗaga shi sama kamar zai haska fitila. Na ce ya ajiye ya ja, ya ja, 'yar kibiyar ta tsere can kusurwa ta ɓace. Na nuna masa inda zai danna harafi, ya danna bai ɗaga yatsa ba, harafin ya cika layi uku. Wasu da ke jiran a buga musu takarda suka fara ƙunshe dariya. Na ga gumi ya karyo wa Kawu a ƙarƙashin hula.

Ya janye hannunsa a hankali. Ya buɗe littafin a shafin farko, ya nuna mini wani layi da ya ja wa jan biro. Layin yana cewa ka buɗe manhajar rubutu, ka ƙirƙiri sabon fayil, ka adana shi a cikin folda.

Ya ce, "Wanga layi guda ne ban gane ba. Nic ce bari in wuce, in na yi nisa shina bayyana. Shafi ɗari ukku da arba'in, mai littafin ga bai sake waiwayar shi ba." Sannan ya ce da ƙaramar murya, "Na yi magana gaban mutane, Mutawakkil."

Kunya ta rufe ni, don na san wanda ya jefa shi a wannan rami. Na ce ya kawo littafin rubutun, cikin awa ɗaya zan buga masa komai, ba wanda zai sani.

"Ni na sani," in ji shi. "Cewa niy yi da hannuna."

Ya jima yana jujjuya littafin. Can sai ya yi tsaki, ba tsakin fushi ba, irin na wanda ya gano inda ya ajiye abinsa.

"Wanga ai matani ne. Wa ka karatun matani ba malami? Laifina ne da nib biye ma abin da anka rubuta ga bango. Shi ko mai littafin, Allah shi saka mai, ya san abu, amma ya mance ranar da shi ma bai san komi ba."

Ban ankara ba ya cire takalmi, ya ɗauko dardumar sallata daga kusurwa ya shimfiɗa, ya zauna a ƙasa gaban kujerata ya buɗe shafin farko a kan cinyarsa.

Ya ce, "Malam, a biya man."

Na zabura kamar an ɗana mini wuta. Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana, shi ne zai zauna ƙasa ina bisa kujera? Na roƙe shi ya tashi, ya ce ɗalibi ba ya zama sama da malami, ko daidai da shi. Da na ga ba zai tanƙwaru ba sai na ɗauko ƙaramar kwamfutata na sauko kan dardumar. Ya harare ni, amma ya matsa mini.

A nan na gane ni ma ban iya abin da nake taƙama da shi ba. Ya tambaye ni mene ne fayil. Shekara tara ina buɗe fayil, ban taɓa faɗin ko mene ne shi ba. Da ƙyar na ce ya ɗauke shi kamar takarda guda, folda kuma gafakar da ake zuba takardun.

"Shi ke nan? To mi ya hana shi faɗi haka?"

Ya zaro biro ya rubuta a gefen shafin.

Kwana goma ya yi a gidana. Kullum da safe kafin mutane su taru muna kan darduma. Yini guda cur muka yi a kan danna maus sau biyu a jere. A rana ta huɗu ya rufe aikinsa bai adana ba, karo na uku ke nan, haƙurina ya ƙare na daka masa tsawa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Shekara talatin ina koya ma yara riƙon fensir, ban taɓa jin haushin wanda bai iya ba." Ban sake ɗaga murya ba, har yau kuma in na tuna sai na ji nauyi.

Kwana biyu ya ɗauka yana buga abin da ke cikin littafin rubutunsa, da yatsa ɗaya, yana motsa leɓe. Ni dai na riga na shirya farautar kurakurai, don ko ni ban taɓa buga shafi ya tashi lafiya a karon farko ba. Ya adana, ya buɗe. Sai ga sunan ƙungiyar manoman Fakku ɓaro-ɓaro, gero da dawa da wake a jere a ƙasa. Na bi layin nan ɗaya bayan ɗaya har sau uku, ko ɗigo bai ɓata ba. Ashe wata ukun da ya yi a gindin bedi ba su tafi a banza ba. Ɗora shafin a intanet ma shi ya yi, ni baki kawai na sa.

Na bi shi Fakku ranar taron. Sai da aka koma bakin masallaci inda sabis ya fi kamawa, sannan shugaba, Alhaji Atiku, ya ƙura wa waya ido ya ga lambarsa a ciki. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wani tsoho ya ce, "Malam, da hannunka kuwa?"

Kawu ya ɗaga manuniyarsa. "Da wanga yatsa guda."

Wuri ya kaure da dariya da kabbara. Ummu, shugabar mata manoma, ta aiko a tambaya ina gyaɗarsu, ko ita ba amfanin gona ba ce. Kawu ya ce ta zo ta sa da kanta, gobe da hantsi za su fara da ita da Hamdiya.

Da zan hau babur ya miƙo mini littafin ya ce in duba, amma ba kyauta ba ce, ɗalibai na jira. Gefen kowane shafi ya cika da ƙananan rubutun Hausa. Farar takardar da ke gaban babi na ɗaya kuwa ya cike ta tsaf, ya fara daga yadda ake kunna kwamfuta, da yadda ake ajiye hannu a kan maus. A can ƙasa ya rubuta, kamar yadda malaman zaure ke yi in sun sauke littafi: "Na karanta shi a wurin malamina, Malam Mutawakkil na Tambuwal. Allah ya saka masa da alheri."

Na rufe littafin na mayar masa da hannu biyu. Na so in gaya masa dalilin da ya sa na ba shi tun farko, amma ya riga ni magana. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaida Inna, in kuma zo da ƙaramar kwamfutar ranar Asabar.