Biran Dutsen Saur

Ni Lurwanu ba na son ganin namiji yana ƙunci, shi ya sa lamarin Hatim ya tsaya min a rai. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Utaibiyya a Makka, karatunmu ɗaya. Ɗan ƙasar Meziko ne, babansa mai gadin wani kufai ne a tsakiyar kurmi, gine-ginen dutse masu matattakala da mutanen Maya suka bari tun kafin Turawa su san hanyar can. Tunda Hatim ya musulunta ya taho Makka, tsohon ya daina amsa masa waya. Ranar nan sai na tarar yana haɗa kaya, wai khalas, ya haƙura da karatun.

Kullum hirarsa kenan: saiwoyi sun naɗe duwatsu, tsuntsaye masu baki kamar ayaba, birai suna ruri da asuba sai ka rantse zakuna ne. Ni kuwa da ƙaramin tunanina na ce kewar dutse da biri ke damunsa.

"Haba ya akhi, don dutse da biri za ka bar Makka? Yalla, tashi!"

Na ja shi Dutsen Saur. Muna haki a rabin hanya sai ga gwaggon biri ya fizge ledar shawarmata, ya koma gefe ya juya mana jan bayansa.

"To ga ɗan garinku, ku gaisa."

Hatim ya ce wallahi na ci mutuncin kurminsu, biransu ba ɓarayi ba ne. Amma ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauke mu bidiyo ni da ɓarawon, ya tura wa babansa, yana cewa ai ko buɗewa ba zai yi ba.

Ba mu kai ga barin wurin ba wayar Hatim ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, yana ta faɗa da yarensu. Hatim ya zauna a kan dutse yana saurare, hawaye shaɓe-shaɓe. Ni ma tausayi ya kama ni.

"Me Baba ya ce?"

"Wai wannan ba biri ba ne, kare ne ya koyi hawan dutse. Kuma wai muryata ta nuna ba na cin abinci." Ya share fuska da hannun riga. "Lurwanu, don Allah ka matsa kusa da birin in sake ɗauka, Baba na son ganin wutsiyar."