Hannun Jibrilla a Fuskar Bawa

Shekarar zaɓen tamanin da uku ruwa ya yi wa Gobir rowa. Sau biyu aka yi shuka a Burkusuma, sau biyun hatsi ya fito tsawon ɗan yatsa ya ƙone a tsaye. Gidaje da yawa dusa ake damawa a sha. Amma 'yan siyasa ko a jikinsu, kullum ga motoci da lasifika daga Sabon Birni, wannan ya zagi uwar wancan, wancan ya tono kakan wannan.

Jibrilla wanzami bai damu da ko ɗaya cikinsu ba, in ban da mutum guda da ya tsana har cikin ransa. Bawa ke nan, ɗan marigayiya Habi, malamin asibiti da ya yi aiki a Isa da Sabon Birni, sannan ya ajiye aiki ya tsaya takarar majalisar jiha. Abin da Bawa ke faɗa a kasuwanni bai da yawa. A bar zagi a siyasa. A kawo magani da talaka zai iya saye. Kuma kada a karɓi haraji ga wanda gonarsa ta ƙone daidai da na mai motocin shanu. Duk wannan bai dami Jibrilla ba. Abin da ya dame shi, shekara goma Bawa na bin mata yana ce musu kada su bari a cire wa jarirai beli, kada a tsaga musu fuska, wai aska ɗaya ga yara goma cuta ce, wai jini na kashe jinjiri. Ai kuwa rabin gidajen da uban Jibrilla ya bar masa suka daina kiransa.

Abin da ya fi ci masa rai kuma, ladabin mutumin. Ko'ina suka haɗu sai Bawa ya sauka daga babur, ya durƙusa har ƙasa, "Baba Jibrilla, an wuni lahiya?" Kai jama'a! Mutum ya kashe maka sana'a sannan ya tsuguna yana gaishe ka. Da zaginsa yake yi da ya fi masa sauƙi, ko ba komai ya rama.

Ran nan da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya ƙofar gidansa. Yari ne ya fito, na hannun daman Alhaji Amiru, dillalin shanun da ke takara da Bawa. Ya sa aka sauke buhun hatsi cikin zaure, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Baba, Alhaji na gaishe ka. Mun kai ƙara Sakkwato, mun ce Bawa ba ɗan ƙasag ga ba ne. Uwatai daga Tsibiri ta ƙetaren iyaka an ka ɗauko ta, kowa ya sani. Mun ce can ƙetare an ka haihe shi. Ran Alhamis mutanen gwamnati za su zo ƙohwar gidan maigari su bincika."

"To ni mi an nawa ciki?"

"Babu takardar haihuwa, uwayenai sun mutu, tsohin gari kuwa kowa da jam'iyyatai. Amma kowa ya yarda duk ɗan da an ka haihwa Burkusuma, askar gidanku ta bi huskatai. Magana guda muka so. Ka duba zanen, ka ce ba aikin gidanku ba ne. Su cire sunanai, in sun so su raka shi bakin iyaka."

Jibrilla ya dubi buhun. Jikoki huɗu ne a gidan, uban ya tafi ci-rani kudu, shiru har yau. Ya ce, "Za ni zo."

Larai matarsa ba ta ɓata lokaci ba ta kwance bakin buhun. Tana cikin auna hatsi a turmi ta ɗago kai. "Malam, shin ba nan an ka haihi Bawa ba? Ni dai na ji tsohuwarka na hwaɗin bikin sunan da an ka yi mai."

"Daka hatsinki, ban tambaye ki ba."

Ta yi dakanta. Ranar yara suka ci tuwo har suka yi wasa a tsakar gida, abin da rabonsu da shi tun kafin azumi.

Ran Alhamis ƙofar gidan maigari ta cika maƙil. Samarin Alhaji Amiru a gefe da gorori, suna ihu, "Ɗan Faransa, a koma gida! Ɗan Faransa, a koma gida!" Mutanen Bawa a ɗaya gefen, idanu sun yi ja, wasu har sun fara tsintar duwatsu. Bawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karɓe duwatsun yana zubarwa, yana cewa duk wanda ya zagi wani ba da yawunsa ba. Wani daga can ya tofa masa yawu a riga. Ya sa hannu ya share, bai ko waiwaya ba. Jibrilla na zaune kan tabarma yana kallo, ya ja tsaki a ransa ya ce munafunci. Mata kuwa sun yi cincirindo bayan zana, ba ka ganin komai sai idanu.

Babban jami'in da ya zo daga Sakkwato, wani siriri mai tabarau, ya sa aka yi shiru. Ya ce, "Malam Jibrilla, an ce ka san aikin gidanku in ka gan shi. Ga wannan mutum, ka duba."

Idon Jibrilla ya yi yana, nesa ba ta ganuwa sosai, kusa ma sai a hankali. Ya ce sai dai ya taɓa. Bawa ya cire hula ya durƙusa gabansa ya miƙa fuska.

Jibrilla ya ɗora babban yatsa a gefen baki, inda zanen Gobirawa ke tashi, ya bi su ɗaya-ɗaya zuwa kunne. Kuncin dama lafiya lau, sirara, a jere. Ya koma na hagu. Na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu yatsan ya tsaya. Zanen ya taho daidai har tsakiyar kunci, sai ya kauce ya nutsa, ya bar tabo mai kauri har gindin kunne.

Shekara arba'in da ɗaya bai manta ba, kauda kai kawai yake yi duk sanda suka haɗu. Yana ɗan shekara sha tara, kurkunu ya kwantar da ubansa, aka ce ya ɗauki zabira ya je gidan su Habi. Aikinsa na fari ke nan shi kaɗai. Jaririn ya motsa, hannun Jibrilla ya yi rawa, aska ta shige. Kwana uku jini na tsattsafowa, yaron ya yi fari fat, har an fara zancen likkafani. Uban Jibrilla ya rarrafo da ƙafa a kumbure ya tsayar da jinin, ya ce wa mutane iska ce ta taɓa yaron, ya koma gida ya zane Jibrilla da igiyar jaki. Daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar. Shi kuwa Jibrilla ya shekara arba'in yana bugun ƙirji a kasuwa cewa askarsa ba ta taɓa kuskure ba.

To yanzu ga hanya a buɗe. Ya ce ba aikinsu ba ne, ya tsira da buhunsa, ya tsira da sunansa, ya kuma rabu da wannan ƙaya. Har ya buɗe baki.

Sai Bawa ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji. "Baba, na san an kai maka hatsi, na kuma san akwai yara gida. Hwaɗi abin da za ka iya. Wallahi ba ni riƙe ka a zuciya."

Ran Jibrilla ya ɓaci. Shi za a ji wa tausayi? Shi za a yafe wa tun bai yi laifin ba? Yaron da ya riƙe a tafin hannu yana tsirara, yau shi ke ba shi izinin yin ƙarya don an san yunwa ta kama shi! Ya ture fuskar da ƙarfi har Bawa ya dafa ƙasa.

"Kai wane ne da za ka yahe mani? Ka ga na yi kama da mai bara?" Ya juya wajen jami'in yana huci. "Rubuta! Hannuna ne. Nan an ka haihe shi, bayan masallaci, gidan Ibrahima mai jakai. Ni na tsaga shi ran suna."

Wuri ya kaure. Yari ya yi tsalle ya shigo fili. "Ƙarya yaka yi! Tsohon banza, makaho! Gobirawan ƙetare ma irin zanen ga gare su. Da mi ya gane nashi ne?"

Jami'in ya gyara tabarau. "Maganarsa na kan hanya, Malam. Zane iri ɗaya ne nan da can. Mece ce shaidarka?"

Jibrilla ya waiwaya wajen zana. Ya san abin da amsar za ta ci masa, ya kuma san mata na bayan zana suna saurare. Amma ya riga ya hau, kuma taurin kai gadonsa ne. Ya kamo kunnen Bawa ya juya kuncin hagu wajen jama'a.

"Ku dubi na huɗu. Ya karkace, ya nutsa. Ba iska ba ce, babana ya hwaɗi haka nan don ya ruhe mani asiri. Hannuna ya yi rawa, na yanke shi. Kwana uku yana zubar da jini, saura kaɗan in kashe shi. Wanzami ba ya manta wurin da ya ɓata. In kuna son rantsuwa a kawo Alƙur'ani."

Ba a kawo ba. Jami'in ya rubuta, maigari ya gyaɗa kai, aka ce sunan Bawa na nan cikin 'yan takara. Bayan zana kuwa sai ƙus-ƙus, wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu, ashe gaskiya yaron ga ka hwaɗi tun tuni."

Kafin Jibrilla ya isa gida a-kori-kura ta riga shi. Sun ɗauke buhun, har wanda Larai ta surfa ta shanya a tabarma sun juye sun tafi da shi. Tana tsaye tsakar gida riƙe da faifai, shi kuwa bai dube ta ba. Can sai ga ƙarar babur. Bawa ya yi sallama a zaure, ya durƙusa kamar kullum.

"Baba, na zo in yi godiya."

"Tashi ka ba ni wuri. Ba don kai na yi ba. Kuma ka sani, ƙuri'ata ko akuya ta tsaya ita za ni ba, ba kai ba."

"Na gode duk da haka, Baba."

"Hita!"

Kwana tara bayan haka aka yi suna gidan Alhassan, maƙwabcin Jibrilla katanga ɗaya. Shi ya yi wa Alhassan zane, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi wa 'ya'yansa uku na fari. Tun da aka fito sallar asuba ya wasa aska, ya shafe zabira da mai, ya sa rigarsa mai dama-dama ya zauna a zaure. Ya ji an raɗa suna, ya ji guɗa, ya ji kukan ragon da aka samo da ƙyar. Rana ta ɗaga, inuwar zaure ta janye, ba wanda ya leƙo.

Sai wajen azahar Alhassan ya shigo da ɗan ƙunshin nama a ganye, yana ta sunkuyar da kai.

"Baba, ga wannan a sa wa yara a miya."

"Yaushe za a kawo jinjirin?"

Alhassan ya sosa ƙeya. "Kakarshi ta aske mai kai da reza tun da sahe. Sauran kuwa, mata sun taru sun ce a bar shi yadda Allah ya yi shi. Ka yi haƙuri, Baba."

Jibrilla ya daɗe yana kallon ƙunshin a hannun mutumin. Da bara ne da ya jefa masa shi a fuska. Daga cikin gida ya ji ƙaramar jikarsa na kukan yunwa. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ƙwala wa Larai kira ta zo ta ɗauka.